Mujallun da Kaka Ta Ƙona

Jiya a tashar jirgin ƙasa ta Germantown na ga takarda mai rubutun Larabci a ƙasa, ban ankara ba na duƙa na ɗauke ta. Halin kakata ke nan, Allah ya jiƙanta.

Shekarar da nake bincike kan tsoffin mujallun matan Iran, maƙwabciyarmu, wata tsohuwa 'yar Tehran, ta ara mini uku da ta gada wurin mahaifiyarta. Takardun sun yi ja, suna ƙamshin ruwan wardi. Na baje su a kafet na tafi makaranta, na bar Kaka a gida.

Na dawo na tarar da ƙauri a baranda, Kaka na juya tokar mujallun a tsohuwar tukunya.

"Kaka, Farisanci ne fa, ba Larabci ba, haruffan ne kawai iri ɗaya. Girki ne da ɗinki a ciki."

"Ke 'yar boko, kin bi kowane layi? Sun yage, ana shirin takawa. In da sunan Allah fa?"

Har ta rasu ba ta yarda ta yi kuskure ba, maƙwabciyar kuma ba ta ƙara amsa gaisuwata ba. Haushin yana nan har yau. Allah ya ɗaukaka Kaka yadda ta ɗauke sunansa daga ƙasa, ni kuma ya sanyaya mini zuciya.