Matar da Ta Fita Don Netwok Ya Shigo

A lokacin ina kula da kwamfutocin wani ɗan gidan ɗaukar hoton asibiti a bayan kasuwar Terminus a Jos. Ni na haɗa shafin da muke tura wa likitoci hotuna, don haka in ya ƙi aiki wuyana ake kamawa.

Wata Laraba da damina aka kawo wani tela daga unguwar Laranto, ya faɗi a kan keken ɗinkinsa. Aka ɗauki hoton kansa. Likitan da zai duba yana wani gari, ya ce a turo kafin ya shiga tiyata, don in ya shiga sai dare. Shi zai ce a ɗauki mutumin a kama hanya ko kada a motsa shi. Ga shi masu gyaran titi sun tsinke mana wayar intanet, da wayar hannuna nake jan aikin.

Na tura. Layin da ke nuna tafiyar hoton ya ja jiki kamar tsohuwa a hawan dutse, ya kai rabi, ya tsaya, ya mutu. Na sake, haka. Ogan wurin ya leƙo ya ce, "Netwok ne, ka yi ta gwadawa." Kai, na tsani maganar nan! A Jos ko tuwo ya ƙone sai a ce netwok.

Matar telan tana tsaye a bayana, mayafinta ya jiƙe, tana jan carbi. A karo na uku ta ce, "Ɗana, ko ni na tare masa hanya? A gida in na tsaya a bakin ƙofa, yara cewa suke in matsa netwok ya shigo."

"A'a Mama, ki zauna," na ce, ban ko ɗago ba.

Na buɗe bayanan saba, wato kwamfutar da ke riƙe da shafin. A gaban shafinmu akwai wata saba da muke kira furoksi, aikinta na mai gadi ne: ita ke karɓar saƙo ta miƙa ciki. A nan na ga abin. Netwok ɗin bai yanke ba, numfashi yake tsayawa ya yi. Mai gadin kuma an saita shi da gajen haƙuri, in minti ɗaya ya wuce bai ji motsi ba sai ya rufe ƙofa. Na ƙara masa lokacin jira, na sake tayar da shi, na tura.

Ya kai rabi, ya tsaya. Minti ɗaya ya wuce. Sai ya motsa.

Na juya in gaya mata, babu ita. Tana can tsakiyar harabar, ruwan Jos mai sanyin nan yana dukanta, ta bar ƙofa a buɗe. Na ƙwala mata kira, "Mama, ki shigo, yana tafiya!"

"To ai shi ya sa!" ta ce. "Bari ya gama."

Na fasa yi mata bayanin furoksi, na koma kan kwamfuta. Tun safe sai a lokacin ta samu abin da za ta iya yi wa mijinta.

Hoton ya isa, likita ya kira ya ce jini ne ya taru, a taho da shi yanzu. Da za ta shiga motar asibiti, haƙoranta na kaɗawa, ta riƙo hannun rigata ta ce, "Da na fita tun farko, da tuni muna hanya, ko?"

A nan kam na yi magana. Na rantse mata da Allah ba ita ba ce. Ta gyaɗa kai don kada ta ƙaryata ni, aka rufe ƙofa.