Kyamarar da ta leƙa gidan Malam Sabo

Har gobe ban manta da ranar da muka kunna kyamarar Anguwan Rogo ba. Lokacin ana fama da tashin bama-bamai, gwamnati ta ba kamfaninmu kwangilar kafa kyamarorin tsaro a tituna. Ni ne mai hawa falwaya, Madam Kaneng kuma injiniyar da ke shugabantarmu. 'Yar garin Kuru ce, Kirista, ga faɗa kamar me, amma wajen aiki sai a sara mata.

Ƙa'idar ita ce, in an ɗaura kyamara sai a duba hoton a kwamfuta gaban jami'in tsaro kafin ya karɓi aikin. Muna kunnawa sai ga titi tar, amma a gefe ga tsakar gidan wani tela, Malam Sabo. Matarsa na wanke-wanke ba ɗankwali, tsohuwarsa na alwala da ɗaurin ƙirji. Wallahi kunya ta kama ni. Nan take Madam ta rufe kwamfutar.

Jami'in ya ce a bar shi haka, ai ta bayan katanga miyagu ke bi, kuma umarni ne daga sama. Ta ce titi aka ce ta ɗauka, ba matan mutane ba. Ya ce in wani abu ya faru a wurin, a wuyanta. Ta ce ta ji.

Ta nemi izinin Malam Sabo a shagonsa, ta yi sallama ta shiga gidan, tunda ni namiji ba dama. Matan suka shige ɗaki. Ta buɗe lemarta tana zagaya tsakar gidan, muna waya, ni kuma ina shafe duk inda na hango ta da baƙin launi a kwamfuta.

"Isuhu, kana ganina?"

"Ina hango kan lema, Madam."

"To ba ka gama ba. Kai kullum sai an maimaita maka."

Haka muka yi tun daga bakin rijiya har ƙofar banɗaki, sai da ta ɓace gaba ɗaya.

Jami'in ya kai ƙara, kamfani ya ji tsoron rasa kwangila, aka cire ta daga aikin. Raina ya ɓaci ƙwarai. Da aka ce a je a buɗe wurin da muka shafe, duk cikinmu ba wanda ya yarda ya taɓa, har maganar ta bi ruwa.

Ku da kuka shigo aikin nan yanzu, saita kyamara inda za ta gani ba wuya, kowa zai koya muku. Inda bai kamata ta gani ba, a wurin matar nan na koya, ita kuwa kujerarta ta rasa a kai.