Rikodar Kaltume

Duk wanda ya taso a Kanya Babba ya san shagon Maikasuwa mai gyaran rediyo. Ni tela ne, bango ɗaya ya raba mu, don haka taurin kansa a kunnena ya ƙare. Rediyo da talabijin sun taru a shagon har sun tokare rufi, masu su sun koma waya sun manta da su, shi kuwa ya ce amana ce, ba ya zubarwa. Da ma'aikatan muhalli suka zo kintacen yawan matattun kayan lantarkin da garin zai tara nan gaba, don a san yadda za a sarrafa su, cewa ya yi, "Ranku ya daɗe, nawa ba su mutu ba, jinya suke."

A cikin tarin nan akwai wata rikoda mai fasasshen murfi. Lokacin da yake ci-rani a Magarya, matarsa Kaltume ta ɗauki muryarta a kaset ta aika masa da gaisuwa. Bayan rasuwarta ya dinga saurare, har ranar da rikodar ta cinye zaren kaset ɗin. Gyara ne da a da zai yi yana hira, amma yanzu hannunsa rawa yake, kuma bai yarda wani ya taɓa ba. Kullum sai ya ce gobe. Na sha yi masa tsiya cewa wanzami ba ya son jarfa, yau ina jin zafin wannan tsiyar.

Sai tari ya kwantar da shi asibiti a Kazaure. Ƙaninsa Sama'ilu ya ji an ce ƙurar tsofaffin batura na lalata huhu, ya kira 'yan gwangwan suka kwashe shagon kaf, har da rikodar da kaset ɗin a cikinta, ni kuma ina Babura sayen yadi. Da zuciya ɗaya ya yi, wannan kam na shaida.

Maikasuwa ya dawo ya tarar da shago a share, har an shimfiɗa masa tabarma.

"Yaya, yanzu ka samu iska," in ji Sama'ilu.

"Ina suka kai su?"

"Kano. Ai tun a nan suka farfasa, suka zare wayoyin."

Sai ya sa wa ƙanin albarka. Da Sama'ilu ya tafi na ce masa ya yi haƙuri, muryar Kaltume tana zuciyarsa.

"Daudu, ba ka gane ba," ya ce da ni. "Duk zamanmu kunya ba ta bar ta ta ambaci sunana ba, sai dai ta ce maigida. Ranar da ta ɗauki kaset ɗin nan babu kowa a ɗakin. Ta faɗi sunana a ciki, ta yi dariya. Sau ɗaya ke nan."