Yatsun Mai Gyaran Rediyo

Motar Rogo ba ta cika ba, don haka Asma'u na zaune a tashar Ƙaraye tana kallon wani dattijo mai gyaran rediyo. Siriri ne, hularsa ta koɗe, yatsunsa duk tabon ƙuna, wani ma ɗanye. A gabansa ga rediyo a farke, ga ɗan gwangwanin da ya ciro daga cikinta, an liƙe murfinsa da dalma.

Mai rediyon, wani manomi, na tsaye a kansa. "Baba, a bi sannu fa. An ce in ya huje, shi ke nan."

"Je ka ci kasuwarka, Liti. Ba na aiki ana leƙe na."

Sai da manomin ya ba da baya sannan dattijon ya zaro ƙarfe daga garwashi. Ba kallon bakin murfin yake ba, lalubensa yake da yatsa, ƙarfen na biye. Dalma ta narke ta taɓa fata, ko gezau bai yi ba. Murfin ya ɗago lafiya lau.

Da ya ɗaga kai, Asma'u ta ga wata farar yana ta lulluɓe idanunsa. Ashe ba girman kai ne ya sa ya kori Liti ba. Ranar da kasuwa ta sani, wa zai ƙara kawo masa rediyo?

Abin da ya lalace a ciki kuwa ya fi ƙarfin lalube. Har motar ta tashi, yana nan yana jujjuya gwangwanin a rana, dab da hancinsa.