Lawashin Inna

A garinmu na bakin ruwa, kusa da Wara, albasa ta maza ce, lawashinta na mata. Haka muka taso muka tarar. Idan an cire albasa an tara a gona, mata ke zama da wuƙaƙe suna yanke ganyen, ganyen kuwa shi ne ladansu. Inna takan daka nata, ta cura, ta shanya, ya zama gabu na miya. Ba wanda ya ɗauki gabu a bakin komai.

Sai fatake suka fara zuwa daga Yelwa suna sayensa buhu-buhu. Da gabu Inna ta ɗinka mini kayan makaranta, ta sayi tumaki ba ta roƙi kowa ba.

Wata kakar albasa, ina gida hutu, muna cikin yanka a gona, Baffa ƙanin Baba ya ce tunda lawashi ya yi daraja, ya zama na gandu. Baba ya gyaɗa kai, ya amince. Inna ta goge wuƙarta a gefen zane ta miƙe.

"Albasa taku ta," in ji ta. "Ku yanke abinku."

Mata suka bi bayanta. Ni ma na ajiye tawa wuƙar, ko da yake na kasa ɗaga kai in dubi Baba.

Maza suka zauna yanka suna raha, wai aikin da mace ke yi tana hira. Garin sauri suka riƙa datse wuyan albasar har gindi, ba su bar ɗan tsawon da ke bushewa ya toshe bakinta ba. Kafin kasuwa ta zagayo, buhunan farko sun fara tsiyayar da ruwa. Mai saye ya shinshina ya juya.

Baba da kansa ya shigo da damin lawashi a ka, ya sauke gaban Inna, ya ce sauran albasar tana gona tana jira. Inna ta tambaye shi lawashin na wa ne, ta ce ya ɗaga murya tunda Baffa yana zaure.

"Naku na."

"Na bana kaɗai?"

"Har na jikokinku," in ji Baba, yana ɓoye murmushi.

Ran kasuwar Wara, a jirgin ruwa muka tafi. Inna na zaune kan buhunan gabunta, tana tsokanar mai tuƙi wai ya yi hankali, yau 'yar kasuwa ya ɗauko. Littafin makarantar da na ɗauko yana cinyata, har muka isa gaɓa ban buɗe shi ba.