Notin da Baba Bai Ɗaure Ba

Shekara talatin da ɗaya mahaifina ya yi yana gyaran keke a shago guda, wani ɗan ɗaki mai ƙofar ƙarfe tsakanin mai wanki da guga da mai sayar da fenti. Mutanen layin Mai Saiti suke ce masa, don komai murɗewar da ƙafar keke ta yi, in ya ɗora ta a kan ƙarfensa ya bi wayoyin ɗaya bayan ɗaya da ɗan makulli, sai ka ga tana juyawa sumul. Yana da wani hali. In ya gama gyara, ba ya miƙa keke sai ya sake bin kowane noti da sifana, daga gaba har baya, yana motsa leɓe kamar mai lazimi. Mama takan ce da haka yake duba aljihunsa kafin ya ba ta wanki, da ta huta.

Shi kansa bai hau keke don jin daɗi ba sai da ya haura hamsin. Abokinsa ne tun na ƙuruciya ya ja shi, wani malamin lissafi da muke kira Baba Dogo. Su takwas ne, duk magidanta, suna fita ranar hutu da sassafe a kan siraran kekunan nan na tsere, su kai gada, su sha shayi a tsaye, su dawo suna yi wa juna tsiya. Baba ya harhaɗa nasa keken da hannunsa daga wani tsohon ƙarfe da aka yar. Shekara biyu ana haka. Tumbinsa ya zube, yana shigowa gida yana yin fito da baki, har Mama ta ce an canza mata miji ba a sanar da ita ba.

Sai ya sayo wani ɗan agogo da ake maƙalawa a kan keke, mai nuna gudu da nisan tafiya. Ba a jima ba aka sanar da tseren kilomita ɗari da ashirin, da rukuni na musamman ga waɗanda suka wuce hamsin. Ya sa sunansa.

Daga nan fitar ta koma kullum. Ya daina tsayawa shan shayi a gada. In ya dawo ba ya ba da labarin hanya, lamba kawai yake faɗa: yau talatin da ɗaya a awa, jiya talatin da biyu ne, me ya faru? Ni ma'aikaciyar jinya ce, na san yadda jikin da aka ƙure yake kama. Na ga idonsa ya faɗa. Gefen bakinsa ya tsage ya ƙi warkewa. Wani busasshen tari ya kama shi. Abinci sai ya taɓa ya ture. Mutumin da ban taɓa jin ya ɗaga wa Mama murya ba, ran nan ya daka mata tsawa saboda ta matsar da gorar ruwansa daga kan tebur. Ta dube ni, na dube ta.

Wata safiya na tare shi kafin ya sa takalmi, na kama wuyan hannunsa na ƙirga bugun zuciyarsa.

"Baba, tamanin da tara, alhali yanzu ka tashi. Da hamsin da takwas nake samu."

"To, inji ya yi zafi ke nan, ya shirya aiki."

"Ba wasa nake ba. Ka huta mako biyu."

"Mako biyu? Saura kwana goma sha tara a yi tseren, uwata. Marasa lafiya suna can asibiti suna jiranki, ki bar lafiyayye ya wuce."

Ya zare hannunsa a hankali ya fita.

Bayan kwana biyar na biya shagon da yamma. Na same shi zaune a kan benci, sifana a hannu, ya zuba wa bango ido. Ƙwayoyin boris na ƙafar keke sun watse a ƙasa, bai tsince ba. Na yi sallama sau biyu kafin ya amsa. Keken Baba Dogo na rataye a ƙugiya, an sa masa sabuwar wayar birkin gaba. Ina nan tsaye mai keken ya iso, da jakar littattafan ɗalibai a kafaɗa.

"Mai Saiti, an gama?"

"An gama."

Ya sauke keken ya miƙa masa. Na ji wani abu ya tsaya mini a rai, na rasa ko mene ne. Sai da na kusa gida na gane: bai bi notocin ba. Na tsaya a bakin titi, na ce in koma, sai kuma na ce wa kaina ai ya yi kafin in zo. Na wuce.

Washegari ranar hutu ce, su takwas suka fita. Bayan gada akwai doguwar gangara da ke karyawa hagu a daidai ƙofar wani wurin fasa dutse. Baba ne a gaba, ya sunkuyar da kai, ya bar su da nisa. Baba Dogo na biye. Wata tifa ta sako baya daga ƙofar. Ya matse birkin gaba, hannun birkin ya tafi har ya taɓa ƙarfe, wayar ta zame. Na baya kaɗai bai isa riƙe shi a wannan gudu ba. Ya kauce wa tifar, ya faɗa ramin ruwa na siminti.

Baba bai sani ba. Ya ci gaba da taka feda har kilomita goma sha ɗaya, idonsa a kan agogon. Da ya waiwaya bai ga kowa ba, sai ya ɗauka ya tsere musu ne, har ya ji daɗi. Shi ya faɗa mini wannan da bakinsa daga baya. Kafin ya dawo an riga an tafi da abokinsa. Keken kawai ya tarar a jingine, da hular kwano a tsage. Ya durƙusa ya taɓa notin da ke riƙe wayar birkin. Da yatsa biyu ya juya shi.

Babu wanda ya lura da notin. Sauran duk direban tifar suke tsine wa. Baba Dogo ya karye a ƙashin wuya ta gefen dama da ƙugu, aka ɗaure masa muƙamuƙi da waya. A kwana na uku Baba ya shiga ɗakin da aka kwantar da shi a asibiti, ina wurin, matar Baba Dogo ma tana zaune a gefen gado da kofi da cokali.

"Dogo, ni ne. Ban ɗaure notin ba."

Matar ta ajiye kofin. "Me ka ce, Mai Saiti?"

Ya maimaita. Ta miƙe ta fita, ba ta ƙara kallonsa ba. Baba Dogo ya yi alama a ba shi takarda. Ya rubuta da hannun hagu, rubutun duk a karkace: "Ka je likita ya duba ka. Wata biyu ke nan kamar gawa kake." Baba ya karanta ya ninke.

Ni na kai shi. Likitan zuciya ya ce bugun ya rikice, ya rubuta magani, ya hana shi hawa keke wata huɗu. Ranar tseren yana kwance a falo, ya juya wa taga baya. Shagon ya rufe mako shida. Da ya buɗe, wasu daga cikin tsofaffin masu kawo gyara sun koma wani wuri, don maganar ta zaga. Bai kare kansa wurin kowa ba.

Baba Dogo ya tashi, amma da sanda yake tafiya, kuma keke sai dai kallo. Yakan zo shagon ya zauna a benci su yi ta gardama kamar da. Matarsa har yau in ta haɗu da Mama a hanya, gaisuwa ce a taƙaice.

Yanzu Baba ya koma hawa, sau biyu a mako, shi kaɗai. Likita ya yarda, da sharaɗin kada ya yi gudun da zai hana shi magana. Ya yi mini alkawari, yana kuma fita a hankali, yana ɗaga wa maƙwabta hannu. Makon jiya na hau bene shanya kaya, daga nan ana hango titin bayan kwana. Na gan shi ya karya kwanar, ya waiwayo sau ɗaya wajen gida, sannan ya tashi tsaye a kan feda ya sunkuyar da kai. Ban faɗa wa Mama ba tukuna.