Dokin da Ba Ya Jin Hausa

Ni dai tun ina yaro wautata ba ta da birki. Aji uku na yi a firamare, malam ya ce in tafi gida in huta, har yau hutun nake. To ku ji yadda na yi da dokin kakana.

A zamanin jihar Gongola ne, muna zaune a Mubi. Kaka yana da wani akawal, baƙin doki, da ya saya wurin wani manomi daga Michika. Warin harawa da fitsarin doki shi ne warin gidanmu. Babana kuwa ya matsa a sayar a sayi babur, wai Kaka ƙafa ta mutu, babu mai hawa. Kaka ya nuna ni da sanda. "Ga mai hawa." Baba ya ce in dai na iya tsayar da shi, doki ya zauna.

Na sha ganin yadda mahaya ke yi. Wani ya fizgi linzami har doki ya zame a kan ƙafafun baya, baki na jini. Wani ya ja gefe ɗaya, doki ya yi ta kewaye har ya gaji. Kaka ba ya yin ko ɗaya. Ya ce, "Ja'iri, wannan in ka ja, gaba zai yi. Zauna da nauyinka, ka saki linzamin, ka sauke numfashi."

Na ce to, amma a raina na ce tsufa ne. Wa ke tsayar da abu da saki?

Da damina ne, da hantsi, a hanyar Mayo Bani. Baba da Kaka suna tsaye ƙarƙashin tsamiya. Na hau, na sa dunduniya, akawal ya zabura. Da na zo daidai su sai na ja. Ya ƙara wuta. Na ce "Tsaya!" Na faɗa da Fulatanci. Na tuna daga Michika yake, na lalubo gaisuwa ɗaya da na sani da Kamwe, yaren mutanen can, na kwarara masa. Ina jin Kaka a baya yana ihu, "Saki! Saki!" Hannuna ya ƙi. Lakar da na faɗa ciki ce ta tsayar da ni a bakin rafi, doki ya wuce abinsa.

Ranar kasuwar shanu aka kai shi. Kaka bai yi faɗa ba. Kullum dai sai ya sa a kai masa tabarma gindin turken, har ya rasu.

Yanzu unguwar tamu sai ƙarar keke napep. Ɗana na fari ma haka na yi ta jan sa, da tsawa da bulala, har ya tsallaka Kamaru. Wayata ba ya ɗauka.

Ranar da aka tafi da akawal, Kaka ya kama hannuna, ya buɗe yatsun ɗaya bayan ɗaya, ya duba tafin.

"Af, ashe yana buɗuwa. To me ya hana ka?"